Ranar da Bappa Tela Ya Haɗa Kaset

"Kar ki ja! Za ki tsinka shi!"

Umar Faruk ya makara, Ibukun ta riga ta ja. Zaren kaset ɗin ya fito daga rakoda a cukurkuɗe, ya rabu biyu. Suka tsaya a ƙofar shagon Iyke.

Bappa tela na kallonsu daga kan keken ɗinkinsa. Shekara goma sha ɗaya shagonsa na jingine da shagon kaset na Iyke a Sabon Gari, katako ne kawai tsakani. Shekara goma sha ɗaya yana shan kiɗan da ɗaliban Samaru ke kira metal, shi kuwa yana kiransa kiɗan maƙera. Ƙarar jita, ganga kamar ana sussuka, ga wani ƙato yana kururuwa kamar kunama ta harbe shi. Wurin Iyke kaɗai suke samunsa. Duk Asabar sai su ciko bas cikin baƙaƙen riguna, Musulminsu da Kiristansu, su cika baranda suna kaɗa kai kamar ƙadangaru.

Yau wata biyu shagon na rufe. Iyke na kwance a gidansa a Cikaji. Asibiti sun ce a kai shi gida ya huta. Kowa ya gane.

Umar Faruk ya matso, ya rusuna. "Baba, taimako muke nema."

"Yau ni ne Baba? Ba Sarkin Ƙorafi ba?"

Umar Faruk ya sunkuyar da kai, ya yi bayani. Iyke ne ya aiko su da makulli su ɗauko masa wannan kaset. Kiɗansu ne na kansu, Umar Faruk a jita, Ibukun a ganga, suka ɗauka a cikin shagon shekara biyar da suka wuce. Guda ɗaya ne tak. Iyke ya hana a kwafa, mai son ji sai ya zo shago. Gwadawa suka yi, rakoda ta cinye. Nonye matarsa kuma ta ce su zo kafin la'asar, don ba ta da tabbacin gobe.

"Shi yake haɗa mana in ya tsinke," in ji Ibukun. "Ni hannuna bai iya ba."

"Hannun da ya hana ni barcin rana?"

Amma Bappa ya ture rigar da yake ɗinki. Ya sha ganin yadda Iyke ke yi: reza, biro, da jan farce a madadin gam. Ibukun ta zaro kwalba daga jakarta.

"Baƙi? Ikon Allah. Har farcen ma zaman makoki yake."

Wajen taƙi guda na zaren ya yamutse. Bappa ya ɗora reza zai cire shi gaba ɗaya, kamar yadda yake yi wa yadin da ya ƙone.

"Baba, kar ka yanke nan!" Umar Faruk ya riƙe masa hannu. "Wurin da Iyke ya fi so ke nan."

"Hauka ma har da wurin so?"

Bai yanke ba. Ya shimfiɗa zaren kan tebur, ya riƙa lallaɓa shi da bayan farce, a hankali, kamar yana kwantar da wuyan kaftani. Abin da ya datse bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ɗiga baƙin, ya haɗa baki da baki, ya hura, ya naɗe da biro. Sannan ya ɗauki hularsa.

"Zan bi ku. Ba na ba da ɗinki ban ga ya zauna ba."

Ɗakin Iyke cike yake da baƙaƙen riguna, Nonye na yi masa fifita. Ya rame, sai idanu. Amma da ya ga wanda ya shigo sai ya washe baki.

"Malam Bappa! Har gida ka biyo ni ka kashe min kiɗa?"

"Na zo in ga ko ka tuba, maƙwabci."

"Saura kaɗan."

Aka danna. Ƙara ta cika ɗakin, kwanukan Nonye suka hau rawa kan kabad. Bappa ya kafe ido kan zaren yana juyawa. Ga baƙin ɗigon nan ya taho. Sautin ya yi rawa, ya shaƙe, ya wuce.

Sai aka ji dukan katako daga cikin kaset, dum, dum, dum, da wata murya da ta danne jita da ganga:

"Iyke! Kai Iyke! Ka ji tsoron Allah! Ka sa na ɗinka aljihu a baya!"

Duk ɗakin suka faɗa tare, kalma bayan kalma, har da Nonye.

Bappa ya buɗe baki. "Ni ne wannan?"

Iyke ya yi dariya har tari ya kama shi. Nonye ta ba shi ruwa, ya ture, ya ci gaba da dariya.

"Shekara biyar muna jin ka. Duk yaran nan babu mai maƙogwaro irin naka. Kai ne mawaƙinmu."

"Shi ya sa ka hana a kwafa?"

"In ka ji shi a tasha, ai ka fasa min kai."

"Wallahi da na fasa." Bappa ya share ido da bakin hula. "Mayar da shi baya. Ban ji da kyau ba."

Sau huɗu aka mayar. Haɗin bai saki ba.

Iyke ya rasu ran Talata da hantsi. Bayan an kai shi garinsu, Nonye ta kawo wa Bappa kaset ɗin a ƙunshe cikin hankici, ta ce haka mai shi ya ce a yi.

Ran Asabar bas ta sauke su kamar kullum. Suka tsaya gaban rufaffiyar ƙofa. Bappa ya dube su, ya janye yadi daga benci. Ibukun ta ajiye rakoda kusa da almakashi. Bappa ya miƙa mata kaset ɗin, ta saka, ta danna.

"Ku rage kaɗan," ya ce.

Ba wanda ya rage, shi ma bai sake faɗa ba. Ya sa yadi a bakin allura. A ƙarƙashin tebur, ƙafarsa na taka keke daidai da gangar Ibukun.