Layar da Na Rataya wa Auta

In ka kama rediyon Sabarga yanzu za ka ji suna cewa wai a wani babban zaure a Birnin Tawai, babban birnin ƙasar, aka kafa Jam'iyyar Tsare Gado, manyan ƙasa sun taru da alkyabbu da rawuna. Ƙarya suke yi. A rumfata aka kafa ta, nan Anacha, bayan Babbar Kasuwa, a kan wani benci mai ƙafa uku da muka tallafe da dutse. Ni Gimba baduku ina wurin da basilla a hannu, kuma wallahi da ma ban kasance ba.

Sabarga ita ce ƙasarmu. 'Yar ƙarama ce, can arewa, tafiyar wata biyu in da shanu ake. Ni da ƙanena Auta mun baro ta tun Bature na mulki, muka zauna a unguwar Hausawa muna dukanci: kube, takalmi, jaka, laya. Ɗinki iri ɗaya ubanmu ya koya mana, jan fata da koren zare, kowane rami a bi shi sau biyu. Mutumin Sabarga ko daga nesa ya hango wannan ɗinki ya san na gidanmu ne. Ya kuma bar mana doka ɗaya: baduku ba ya sa wuƙa a ɗinkin ɗan'uwansa. In ya kama dole a buɗe, a warware da basilla, rami bayan rami, don wulaƙanci ne ka yanka abin da wani ya sunkuya ya ɗinka.

A shekarar 1953 Malam Hammadu ya iso Anacha. Tsohon malamin makaranta ne da Turawan ƙasarmu suka kora daga aiki. Siriri, riga ɗaya, ga bakin magana. Kullum da hantsi sai ya zo rumfata ya zauna, Auta ya sayo masa ƙosai, shi kuma ya yi ta ba mu labarin yadda ƙasa za ta zama in Bature ya tafi. Cewa yake akwai wasu yara 'yan boko da ke son rushe sarauta, su ƙwace gonaki, su mai da ɗan mahauci alƙali. Maganin wannan, in ji shi, jam'iyya ce da za ta tsare gado, kowa ya tsaya inda ya tarar da ubansa.

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Ina alfahari da sana'ar ubana, sai na ɗauka yabona ake yi. Ban lura ba cewa mai gona dubu ma a inda ya tarar da ubansa zai tsaya, mai yi masa noma kuma haka.

Mu arba'in muka fara: dillalan shanu, mahauta, 'yan koli, har da waɗanda suka zo daga Inugu da Fatakwal. Ba mu da injin buga takarda, don haka Malam Hammadu ya rubuta kati arba'in da hannunsa, da ajami, ya sa hannu a kowanne. A bayan katin ya rubuta alkawari biyu. Na farko, ba za a ɗaure ɗan jam'iyya ba sai an ji ta bakinsa. Na biyu, shugaba in ya yi shekara huɗu zai sauka. Damshin Anacha cin takarda yake yi, sai na ce a kawo in ɗinke su cikin fata kamar laya. Kwana tara na yi ina ɗinki, ban karɓi ko kwabo ba. Tawa ce ta shida, ta Auta ta bakwai.

Bayan shekara biyu Malam Hammadu ya koma gida. Da hannuna na ɗinka masa jakar tafiya, muka raka shi bakin Kwara ya shiga jirgin fito, ya yi ta ɗaga mana hannu har ya ƙule.

Sauran labarin a bakin masu kawo shanu muka riƙa jin sa. Sarakuna da manyan 'yan kasuwa sun rungumi jam'iyya. Aka yi zaɓe ta ci, Bature ya naɗe tutarsa a 1960, Malam Hammadu ya zama shugaba. Ranar nan na yanka rago, na raba nama har maƙwabtanmu Inyamurai. Ba a shekara ba aka hana ƙungiyar ma'aikata. Aka rufe jarida ɗaya tilo da ba ta jam'iyya ba. Aka tara samari aka ba su baƙar hula da gora, ana ce musu 'Yan Gado, su ke tsayawa bakin kasuwa suna tambayar kati. Daga nan aka ce sauran jam'iyyu duk 'yan gurguzu ne, aka soke su. Shi kuma ya daina zama Malam, ya koma Uban Ƙasa.

Duk wanda ya kawo mini irin wannan labari sai in hau shi da faɗa. In ce ku ba ku san mutumin nan ba, ni na san shi, a bencina ya ci ƙosai. In ce in ma an yi ɓarna, na ƙasa da shi ne suke yi bai sani ba. Ina da taurin kai, kowa a unguwa ya sani, har aka gaji aka daina gaya mini.

Auta bai taɓa yi mini musu ba. Shi mutum ne mai shiru, ko da ya yi aure ya haifi 'ya'ya biyu, in na shigo rumfa sai ya tashi ya ba ni wuri. Abin da kawai na lura shi ne ya cire layarsa daga wuya ya ajiye a cikin akwati. Na gani, na ji haushi.

A damunar 1964 saƙo ya zo cewa Inna, mahaifiyarmu, tana kwance a ƙauye, kuma sunan Auta take ta kira. Ni ƙafata ta kumbura a lokacin, ko kasuwa da sanda nake zuwa. Aka shirya Auta zai bi Arzika, wani mai kawo shanu da ya sayar da garkensa zai koma gida. Duk abin da nake so shi ne ƙanena ya ga Inna, ya dawo wa matarsa Barira da 'ya'yansa lafiya.

Da safen da za su tashi na je gidansa. An ɗaure kaya, Arzika na jira a waje. Na dubi wuyan Auta, babu komai.

Na ce, "Ina layarka?"

Ya ce, "Tana akwati, Yaya."

"Ƙasar da ake tambayar kati a kowace mararraba za ka shiga hannu rabbana? Ɗauko ta."

Barira tana bakin ƙofar ɗaki da goyo. Ba ta saba sa baki in muna magana ba, amma ranar ta ce, "Yaya, da an bar ta. Matan masu shanu suna cewa yanzu wani sabon kati ake yi, na inji. Wai tsohon ba a son ganinsa."

Na ce, "Wa ba ya son gani? Rubutun Uban Ƙasa ne da hannunsa. Yaran nan masu gora in suka ga lamba bakwai, durƙusawa za su yi. Zancen mata a bakin famfo ne za ki kawo mini?"

Na leƙa na tambayi Arzika, ya ce shi wata biyar rabonsa da gida, bai san abin da ake ciki ba, amma shi dai da a bar ta ɗin. Na ce shi ma bai san komai ba sai bin bayan saniya.

Auta ya shiga ya ɗauko. Zai sa ta cikin aljihu na karɓe, na sake mata sabuwar igiya, na rataya masa a wuya da hannuna. Ya tura ta cikin riga, na fiddo ta waje, na daidaita ta a kan ƙirjinsa yadda kowa zai gani.

Na ce, "Haka za ka bar ta har ka isa gaban Inna."

Ya ce, "To, Yaya."

Abin da ban sani ba, shekara huɗun ta cika a wannan damunar. Wasu daga cikin arba'in ɗin da suka koma gida sun je gaban Uban Ƙasa da layunsu, sun tuna masa abin da ya rubuta a bayan kati. A mako guda aka kwashe su. Aka aika wa kowane shinge da kowace iyaka umarni cewa duk wanda aka gani da jan fata mai koren zare, a riƙe shi. Ba sai an karanta komai ba, ɗinkina kaɗai ya isa shaida.

Wata ɗaya, wata uku, wata shida, shiru. Na rubuta wasiƙa huɗu ba amsa. Barira ta riƙa aiko mini da tuwo kamar yadda ta saba, in na je gaishe ta ta amsa da ladabi, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ni kuma kullum sai in ce mata damina ce ta ɓata hanya, ko da damina ta wuce.

A wata na takwas da tafiyarsu Arzika ya dawo da shanu. Ko mayanka bai biya ba, ya zo rumfata tsakar rana, ya yi sallama, muka gaisa har ƙarshe, gajiya da hanya da iyali, yana kallon ƙasa. Sannan ya ce in yi haƙuri, Inna ta rasu kwana goma bayan tashinsu, ba ta ga Auta ba.

Na ce, "Shi fa?"

Ya ce a iyaka aka sauke su daga mota, aka jera su. Wani ɗan baƙar hula ya nufo Auta kai tsaye, bai ko tambayi sunansa ba. Babbansu ya miƙa wa Auta wuƙa ya ce ya farke layar, ya ƙona takardar a gaban jama'a. Auta ya ce zai buɗe, amma ba da wuƙa ba. Ya ciro basillarsa daga jaka, ya zauna a ƙasa cikin rana, ya shiga warwarewa rami bayan rami. Suna zaginsa, ɗaya ya sauke masa gora a kafaɗa, bai ɗago ba sai da ya gama. Suka ƙona katin. Duk da haka suka tura shi cikin wata mota, aka kai shi ramukan gishiri inda ake kai fursunonin jam'iyya. Ba wanda ya ji ta bakinsa. Kafin sanyi ya fita ciwon ƙirji ya kashe shi, wani ɗan garinmu da aka sako daga baya shi ne ya yi masa wanka, shi kuma ya ba Arzika labari.

Arzika ya sa hannu a aljihu ya ajiye mini abu a kan benci. Ya ce kafin a tura shi mota Auta ya cusa masa wannan, ya ce, "Ka kai wa Yaya, ka ce ban yanka ba."

Fatar ce, a buɗe, ba komai ciki sai koren zaren, an naɗe shi tsaf a ɗan yatsa kamar yadda ubanmu ke naɗewa. Na ɗaga ta ga haske. Duk ramukan suna nan, ko ɗaya bai yage ba.

Na yi kuka a tsakiyar kasuwa, ni da furfurata, ban ji kunyar kowa ba. Ba Hammadu nake tsinewa ba a lokacin, shi na tsine masa daga baya kuma har gobe ina yi. Hannuna nake kallo, wanda ya fiddo layar daga cikin riga.

Da la'asar na ɗauki sandata na tafi wurin Barira, don ban yarda ta ji a bakin wani ba. Na tarar tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ga fuskata ta ajiye rariya. Na zauna a ƙasa, na faɗa mata duka, ban rage komai ba, har da gorar da aka sauke masa. Ina jira ta ce ai ta faɗa mini. Wallahi so nake ta faɗa, ta zage ni, ta kore ni daga gidan.

Ta yi salati a hankali. Ta miƙo hannu na ba ta fatar. Ta juya ta gaba da baya, tana bin gefen da yatsa, garin tuwo yana shafar jan, har ta zagayo inda ta fara. Sannan ta mayar mini da ita hannu biyu.

Ta ce, "Riƙe, Yaya, kai ya aiko wa. Ko a can bai saɓa maka ba."