Ƙafafun Inna a Bangon Laburare

Aikinsa ɗaukar hoton ƙashi ne a wani asibiti, a ƙasar da ya daɗe yana zaune amma har yau maƙwabta ba su iya faɗin sunansa daidai ba. Wuni yake a ɗaki marar taga yana ce wa mutane su ja numfashi su riƙe. Ranar da ya shigo gida da tsohuwar kyamarar da ya saya a hannun abokin aikinsa, matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Duk haƙarƙarin da kake ɗauka bai ishe ka ba, sai ka haɗa da ranar hutu?"

Ya shiga ƙungiyar masu sha'awar hoto da ke haɗuwa a laburaren unguwa ranar Asabar. Mai koyar da su wata dattijuwa ce mai gajeren farin gashi, kowa Malama yake ce mata, kuma yabo a bakinta tsada gare shi. Ya kai mata hotunan gadoji, ya kai mata tattabaru, ya kai fitilun titi cikin ruwan sama. Ta kan duba ta ce ba laifi. Wannan "ba laifi" ya tsaya masa a rai.

Ana cikin haka Inna ta zo musu ziyara. Ita ta haife shi, shi ne autanta, kuma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta. Shagon atamfa gare ta a gida, da 'yan mata biyu masu yi mata ciniki. Mace ce mai son ado, ko shara za ta fitar sai ta gyara ɗaurin ɗankwali. Da ya gaya mata ƙungiyarsu za ta rataye hoto ɗaya na kowa a bango mutane su zo kallo, sai ta ce to me ake jira. Ta ciro leshinta mai ruwan zuma daga ƙasan akwati, ta sa sarƙa da awarwaro, ta zauna a kujerar falo ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Auta, ka ɗauko ta nan ɓangaren. Ɗayan kuncin ya fi faɗawa."

Ya ɗauka har ta gaji. Bayan ta canja kaya ta kishingiɗa a doguwar kujera, barci ya kwashe ta, ƙafafunta a kan hannun kujerar. Hasken yamma ya shigo ta taga ya sauka a kan dugaduganta, duk sun yi kaushi, faso ya tsattsaga su kamar busasshiyar laka. Ya durƙusa a hankali ya danna kyamara sau ɗaya.

Ranar Asabar Malama ta wuce hotunan leshi da sauri. Da ta zo kan ƙafafun sai ta cire tabarau.

"Wannan," ta ce. "Yau ka ɗauki hoto."

Daɗi ya rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi. Aka wanke hoton babba, aka sa shi a firam. Da aka ce ya ba shi suna, ya rubuta "Wahala" da harshen ƙasar. A gida bai ce uffan ba. Niyyarsa idan ranar nunin ta zo ya ce wa Inna akwai sanyi, wurin kuma da nisa. Amma matarsa, wadda ita ma ba ta san komai ba, ta riga ta goge leshin tun da safe. Ya fito wanka ya tarar da su biyun a shirye, suna ƙamshin turare.

Haka suka shiga bas su uku.

Hoton na fuskantar ƙofa, ya fi kowanne girma, mutane sun taru a gabansa. Inna ta wuce shi, ta zagaya ɗakin tana neman fuskarta. Matarsa ce ta fara ganewa. Ta dubi bangon, ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai. Inna ta dawo ta tsaya. A gefen hoton bakin zanenta na zaman gida ya fito, mai zanen ganye. Ta daɗe tana kallo, awarwaronta ko motsi ba ya yi.

Malama ta iso da fara'a, ta kama hannun Inna da hannu biyu. Ta yi magana mai tsawo, idonta har da ƙwalla. Ta ce waɗannan ƙafafu sun yi tafiyar da babu wanda ya yi irinta a ɗakin nan, sun taka ƙaya da rana ba takalmi don ɗa ya yi karatu. Shi bai taɓa gaya mata haka ba. Amma bai taɓa ce mata ba haka ba ne.

"Me take cewa?" Inna ta tambaya.

"Ta ce... ta ce kin yi kyau."

"Ƙafar ce ta yi kyau?" Ta nuna ƙaramar takardar da ke ƙasan firam. "Nan kuma me aka rubuta?"

Ya kau da kai. Ta juya ga surukarta, wadda ba ta iya yi mata ƙarya ba.

"Wahala aka rubuta, Inna."

Inna ta gyaɗa kai. Ta yi wa Malama murmushi, ta ce a gaya mata ta gode, ta gyara mayafi ta nufi ƙofa. Sai da suka isa tashar bas ta yi magana, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Wace wahala ka gani na sha, Auta? Ubanka bai taɓa bari na taka ƙasa ba takalmi ba. Da ƙafata sumul na sauka a jirgi. Wannan hitar taku ta ɗumama ɗaki ce ta busar da ni kamar kifi. Tun makon da na zo nake cewa ka taho min da man shafawa daga wurin aikinku, kullum ka ce ka manta. Ashe kana ganin fason. Na ɗauka ba ka gani ba ne."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wata mata da ke jiran bas tana kallonsu, ba ta jin ko kalma, amma ya tabbata ta gane komai.

"Inna, ki yi haƙuri."

"Kuma ina barci ka ɗauka," ta ce.

Washegari ya koma laburare tun kafin a gama buɗewa. Malama ta ce ai nunin bai ƙare ba, kuma hotonsa ne mutane suka fi tsayawa a kai. Ya ce mata mahaifiyarsa ba ta san an ɗauka ba, sunan da ya sa kuma ƙarya ne. Ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa yaron da aka kama da hannu a tukunya, sannan ta ɗauko kujera ta riƙe masa ya hau ya sauke. Ya biya ta kemis ya sayi man shafawa, ya shiga bas rungume da firam, fuskar hoton a ƙirjinsa.

Ya tarar da Inna a falo tana kallon talabijin ɗin da ba ta jin harshensa, ƙafafunta cikin safar matarsa mai kauri. Ya jingina firam ɗin a bayan ƙofa, ya durƙusa, ya buɗe kwalbar man.

"Kawo ƙafar, Inna."

"Ajiye nan. Hannuna lafiyarsa lau."

Ya ajiye. Ta ɗauka ta sinsina, ta ce ba shi da ƙamshi amma zai yi. Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Har ta koma gida bai sake ganin ƙafarta ba safa ba. Ta ci gaba da yi masa hira, tana yi masa faɗan rashin cin abinci, amma idan barcin rana ya zo mata sai ta tashi daga falo ta shiga ciki. A filin jirgi ya fito da waya zai ɗauke su ita da matarsa. Inna ta karɓi wayar daga hannunsa ta miƙa wa wani mai tura kaya, ta nuna masa da hannu inda zai tsaya, sannan ta jawo Auta ta tsayar da shi a gefenta.