Ranar da Malama Rukayya Ta Kai Mage Asibiti

Shekara talatin da biyu Malama Rukayya ta yi tana koyarwa a firamare a cikin garin Daura, goman ƙarshe tana shugabar makaranta. Ta yi ritaya, bayan shekara biyu maigidanta ya rasu, 'ya'yanta kuma kowa yana garin da aiki ko aure ya kai shi. Gidan ya rage daga ita sai wata baƙar mage mai farin ƙirji, wadda wata mai kawo mata man gyaɗa daga Baure ta ba ta tun tana 'yar mitsitsiya. Auta take kiran ta.

Kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah jiri ya kwashe ta a bakin famfo. A asibiti aka ce hawan jini ne. Likita ya rubuta magani, ya ce ta rage gishiri da dunƙulen miya, ta kuma riƙa taka ƙafa kullum da safe kafin rana ta yi zafi.

Babban ɗanta Mansur, injiniya ne a Kaduna, ta waya labarin ya same shi, kuma abin da ya shiga kunnensa ɗaya ne, cewa mahaifiyarsa ta faɗi. Tun daga ranar ya duƙufa karance-karance a intanet. Kullum sai ya turo mata saƙon murya: abin da za ta ci, yadda za ta kwanta, kofi nawa na ruwa za ta sha. Daga baya ya haɗa su duka ya buga a takarda, ya tura wa ƙanwarsa Khairunnisa a Katsina, ya ce ta zo ta zauna da Inna ta ga an bi.

Khairunnisa ta manna takardar a bangon falo, ta karanta mata a tsaye.

"Ƙarfe shida, ruwan ɗumi. Ƙarfe takwas, magani. Ƙarfe goma, kwanciya. Ban da shara, ban da wanki, ban da fita sai dole. Sannan Yaya ya ce a raba ki da magen nan, wai gashinta na kawo cuta."

Malama Rukayya ta saka tabarau, ta matso, ta duba takardar tun daga sama har ƙasa. Ta sa aka miƙo mata jan biro, ta gyara kuskuren rubutu biyu, sannan ta ja layi ta soke maganar mage.

"Ki ce wa Injiniya na ga saƙo," in ji ta. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Sauran kuwa ta bi, don ta ga tsoron da ke idon 'yarta. Mako uku tana kwance tana kallon rufin ɗaki. Ta ɗauki tsintsiya, Khairunnisa ta karɓe. Ta nufi zaure, a ce ina za ki. Ƙafafunta suka yi nauyi, abinci ya daina yi mata daɗi, matar da a da muryarta ke tsayar da yara ɗari huɗu a filin makaranta ta koma sai an yi mata magana sau biyu kafin ta amsa.

Wata Talata da safe Auta ba ta zo gindin tabarma ba kamar yadda ta saba. Malama ta yi ta kira, shiru. Can ta same ta a bayan randa, ta takure, ƙafarta ta baya ta kumbura, ga wani yanka mai zurfi kamar na tsohon kwanon rufi, har ya soma wari. Da ta kai hannu, magen ta yi wani ɗan kuka ta lashi yatsanta.

"Wayyo, ai ta gama," in ji Khairunnisa tana toshe hanci. "Inna, ki bari in sa a kai ta bayan gari. Dama Yaya ya faɗa."

"A kai ta bayan gari ta yi me?"

"To, Inna, mage ce fa."

Malama ta ɗauko kwandon cefane, ta shimfiɗa tsohon zane a ciki, ta ɗora Auta a hankali, ta rufe. Ta zura hijabi, ta nemi takalminta da ya yi mako uku a ƙarƙashin gado.

"Ina za ki?"

"Asibitin dabbobi."

"Inna, don Allah! Wallahi zan kira Yaya."

"Kira shi. Ki ce ina gaishe shi da iyali."

A bakin titi ta tsayar da mai adaidaita. Tana shiga magen ta ƙwalla ƙara saboda rugugin inji, ta soma kokawa da zanen. Malama ta ce ya tsaya, ta sauka, ta rataya kwandon a hannu ta kama hanya da ƙafa.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Kafin ta kai rijiyar Kusugu gumi ya jiƙa mata baya, zuciyarta na bugawa har tana jin ta a kunne. Ta zauna a kan wani dakali a inuwa, tana kallon wasu baƙi da suka sauko daga bas suna ɗaukar hoto a ƙofar rijiyar. Tsoro ya kama ta a nan, na gaske. Ta ce a ranta, idan na faɗi a titi, sun yi gaskiya ke nan, kuma ba zan sake ganin ƙofar gida ba sai da rakiya. Ta yi salati, ta jira numfashinta ya daidaita, ta sha ruwa, ta miƙe.

Asibitin dabbobin cike yake, don an soma kiwon ragunan layya. Maza ne zalla, kowa riƙe da igiya. Malama ta tambayi waye na ƙarshe, ta tsaya a bayansa. Nan Auta ta yi kuka daga cikin kwando, sai wurin ya yi tsit, sannan dariya ta ɓarke.

Sharu Badaru, dillalin dabbobi ne kuma maƙwabcinta, ya matso yana jan wani ƙaton rago. "Malama, lafiya? Mage kika kawo? Ai mage da kanta take warkewa. Ki koma gida ki huta, ke da ba ki da lafiya. Nan wurin masu dukiya ne."

"Sharu, ka zo kafin ni ne ko bayana?"

"Bayanki, amma..."

"To koma baya. Shekara talatin ina jera 'ya'yanku a layi, har naka guda shida, ban taɓa barin babba ya tsallake ƙarami ba." Ta dubi sauran. "Ku kuma da kuke dariya, duk wanda ke nan sayarwa zai yi ko yankawa. Ni kaɗai na kawo wadda nake so ta rayu."

Wani dattijo ya ce, "Wallahi ta faɗi gaskiya." Sharu ya ja ragonsa ya koma baya yana gunaguni.

Likitan, wani siriri mai furfura a gemu, bai yi dariya ba. Ya sa aka riƙe Auta da tawul, ya aske gashin wurin, ya wanke ciwon, ya yi mata allura.

"Da kin ƙara kwana biyu, da ƙafar ta tafi," ya ce. "Kin ba ta wani magani a gida?"

"Na so in ba ta farasitamol, ban samu ta buɗe baki ba."

"Allah ya taimake ki. Wannan maganin kashe mage yake yi, ko ƙwaya ɗaya. Kada ki ba ta maganin mutane kowane iri. Ki riƙa wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri safe da yamma. Ki rage mata madara, tana sa su zawo. Kifi ko nama dafaffe, a cire ƙaya, da ruwa mai tsabta kullum. Ki zuba mata yashi a tsohon faranti a ɗaki, kada ta fita. Duk bayan kwana uku ki dawo da ita, in ta warke kuma mu yi mata rigakafi."

Da ta dawo gida ta tarar Khairunnisa a zaure, ido jawur, waya a hannu. Mansur ya kira sau tara. Malama ta wuce ta, ta ajiye kwandon, ta ce a zubo mata abinci. Ta cinye tas, ta nemi ƙari.

Daga ranar aiki ya samu. Da ta idar da sallar asuba sai ta dafa ruwa, ta wanke ciwon Auta, ta sauya yashi, ta sha nata maganin a lokacin da take ba magen abinci don kada ta manta. Ranar komawa asibiti ta fita tun rana ba ta ɗaga ba. A zuwa na biyu sau ɗaya ta huta a hanya. A na huɗu ba ta zauna ba sam.

Maƙwabciyarta Maimunatu, mai fama da ciwon suga, ita ma an daɗe da ce mata ta riƙa tafiya, kunya ta hana ta. Ta leƙo wata safiya ta ce, "Malama, in zo in taya ki riƙon kwando?" Suka tafi tare. Da Auta ta warke, ta koma hawa katanga da ɗan ɗingishinta, sai suka ci gaba da fita ba kwando. Su zaga ta Kusugu, su biya kasuwa su sayi ganye, su dawo kafin ƙarfe takwas.

Unguwa ta ɗauki magana. Aka ce tsofaffi sun koma yawo kamar 'yan mata. Aka ce ciwon ya taɓa wa Malama kai, tunda har mage take kai wa likita. Maganar ta isa Kaduna, ranar Asabar da hantsi sai ga motar Mansur a ƙofar gida.

Bayan gaisuwa ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya sunkuyar da kai. "Inna, na zo in tafi da ke ne. An gyara miki ɗaki. Can za ki huta sosai, ga asibiti kusa."

"Na gode. Ba ni zuwa."

"Inna, mutane na magana. Ana cewa mun bar ki kina gararamba a titi."

"Su waye mutane? Ranar da nake kwance mako uku, wa ya leƙo a cikinsu?"

"Lafiyarki nake ji. Duk abin da na rubuto, sai da na karanta shi."

"Ka karanta, ban musa ba. Amma ranar da likita ya yi magana ni ce a gabansa. Cewa ya yi in yi tafiya. Kai ka tsorata, ka rubuto mini in kwanta." Ta sassauta murya kaɗan. "Maganinku ina sha. Gishiri na bari, miyata yanzu lami ce, tambayi ƙanwarka. Amma kwanciyar nan, Injiniya, ta jiran mutuwa ce, ni kuwa ba zan jira ta a kan katifa ba. In ta zo ta same ni a tsaye."

Mansur ya fiddo na'urar awon jini daga jaka, ya ɗaura mata a dantse. Ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Khairunnisa ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Yaya, ya fa sauka. Kuma tana cin abinci. Ni dai na gani da idona."

"Wannan ba ya nufin a bar ta ita kaɗai da mage."

Sallama aka yi daga tsakar gida. Maimunatu ce, da mayafinta da ledar tafiya. Malama ta miƙe ta ɗauki hijabi.

"Yau za mu garin Babban Mutum," ta ce. "Ƙanin Maimunatu na da lambu a can, ya ce mu zo mu ɗebi zogale."

"Babban Mutum? Inna, ai bakin iyaka ne! Ban yarda ba."

"Ban tambaye ka ba, gaya maka na yi. Akwai mota a tasha."

Ta kai zaure kafin ya taso. Ya tsaya riƙe da makulli, ya dubi ƙanwarsa, ita kuwa ta kawar da kai. Da ya ga da gaske tashar za su, sai ya buɗe musu ƙofar motarsa, fuska a murtuke.

Har suka wuce Baure idonsa na kan titi. Matan biyu kuwa hira suke a baya, suna nuna gonakin da aka share ana jiran ruwa, Malama na lissafa ƙauyukan da aka taɓa tura ta duba jarrabawa. A lambun ta cire takalmi ta taka ƙasa mai danshi, ta bi layin zogale tana tsinka tana zubawa a zane. Mansur ya tsaya a bakin shinge cikin shaddarsa mai guga, yana cewa ta yi a hankali, ta shiga inuwa, ta sha ruwa. Ruwan dai ta karɓa ta sha.

Washegari ya koma Kaduna shi kaɗai, da buhun zogale a bayan mota da kuma ransa a ɓace. Sai da ya yi kwana goma bai kira ba, abin ya dame ta ƙwarai ko da yake ba ta gaya wa kowa ba. Da ya kira, gaisuwa ce gajeriya, ya ce akwai saƙo a wurin direban motar Kaduna. Takalmi ne na tafiya, mai laushin ƙasa, amma ya yi mata yawa. Ta ba Maimunatu, ta sa Khairunnisa ta rubuta masa cewa lamba talatin da takwas take sawa.