Takalmin da Aka Ba Tsinke

Shekara goma sha tara ina sauraron takun jikata. Tsinke muke ce mata, don tun tana goye ba ta da nama. Uwarta ta rasu ta bar min ita. Wanki da guga nake yi a bakin ƙofa, saboda haka kafin ta shawo kwanar layinmu na san ita ce. Daf, daf, daf, diddige ke fara taɓa ƙasa. Da wannan takun ta cinye tseren makaranta kaf, cikin takalmin yadi da na yi wa faci har sau uku.

Saura sati uku a yi gasar zaɓen tawagar ƙasa, kocin kulob ɗinsu ya ba ta sabon takalmi.

"Tsohuwa, ɗaga ki ji," in ji ta.

Na ɗaga, kamar ban ɗauki komai ba. Na ce, "Wannan ai burodi ne aka zura wa igiya."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce akwai wani faranti mai tauri a cikin soson ƙasan takalmin, shi ke cilla mutum gaba. Koci ya kuma ce ta daina sauka da diddige, ta riƙa sauka da gaban ƙafa, sannan ya ƙara mata zagaye.

Ba zan yi masa ƙarya ba, gudu ya ƙaru. Agogonsa ya ce ta rage daƙiƙa ashirin. Amma kwana goma ba su cika ba na ji ƙafa ɗaya tana tsoron ƙasa.

"Ke, ƙafar hagu fa?"

"Gajiya ce. Na faɗa wa Koci, ya ce jijiya ce ke koyon sabon taku. Wai mai son tawaga sai ya daure."

Ga nawa laifin, ba na ɓoye shi. Na ɗauka targaɗe ne. Na dafa ruwa na gasa mata, na kama ƙafar na ja da ƙarfina, tana cizon matashi. Har na ce, "Tashi, raguwa kawai." Da bakina na faɗa.

Ranar gasa ina cikin 'yan kallo. A zagaye na tara tana ta biyu, sai ta tsaya. Ba faɗuwa ta yi ba. Zama ta yi a tsakiyar fili ta rungume ƙafa, sauran suna wuce ta.

Likita ya nuna min hoto. Wani ƙaramin ƙashi a tsakiyar ƙafa ya tsage, kuma ba ranar ya tsage ba, kullum yana ɗan ƙara buɗewa. Ya ce takalmin ba mugu ba ne, amma ƙafa sai ta yi watanni tana sabawa. A canza takalmi, a canza taku, a ƙara zagaye, duk cikin sati uku, ƙashi ne zai sha wuya. Aka sa mata siminti. Na ce gudu fa? Ya ce, "Sai mun gani."

Koci ya leƙo asibiti sau ɗaya. A bakin ƙofa, yarinyar tana ji, ya ce wa likita, "Wasu dama ƙashinsu ba ƙwari."

Wannan maganar ta ɗauka ta kwanta da ita. Ta juya fuska bango, abinci sai na yi da gaske. In na matsa sai ta ce, "Bar ni, Tsohuwa. An ba ni dama, ni ce ba ni da ƙwari."

Na sa wuƙa na tsaga takalmin hagu, na zaro farantin, baƙi, ko lanƙwasuwa ba ya yi. Na kai ofishin kulob na dire wa sakatare a kan tebur.

"Mama, sai kin cike takarda."

"Ban iya ba, ɗan nan. Buɗe kunnenka."

"To diyya kike nema?"

"Ko sisi ba na so. Koci ya zo gidana ya faɗa wa jikata a gabana cewa shi ya yi gaggawa, ba ƙashinta ne ya gaza ba."

Kwana huɗu ina zama a bencinsu, wankin mutane na jiƙe a baho. Duk wanda ya shigo na nuna masa farantin. Rana ta biyar Koci ya gaji da ganina, ya biyo ni gida.

Na ɗaga labule na ce, "Tsinke, ga shi. Yana da magana."

Ya tsaya yana murza makullin babur. Ya buɗe baki ke nan, yarinyar ta yunƙura ta zauna, tana jan simintin, ta sunkuyar da kai.

"Koci, ka yi haƙuri. Na ba ka kunya."

Na kalle shi. Wallahi na ba shi lokaci.

Ya ce, "Ba komai. Allah ya ba ki lafiya."

Ya fita. Ta ce min, "Kin gani, mutumin kirki ne," ta koma ta fuskanci bango.

Na zauna a bakin gado, na ɗora hannu a kan simintin, daidai inda na ja. Na ce, "Ni dai ba raguwa na goya ba. Ni na yi kuskure." Ba ta juyo ba.

Farantin yana ɗaure a bakin zanena. Litinin ofishin zai buɗe.