Ƙwayar Malam Isyaku

Cikin munanan halayen mutanenmu akwai karambanin raba magani. Likita ya auna mutum ya rubuta masa ƙwayarsa, sai wani ya ɗiba ya miƙa wa maƙwabci kamar goron suna.

Zahra'u tuwo take sayarwa a bakin kasuwar Tarauni, a tsaye tun hantsi har la'asar. Shekara tara tana haka, jijiyoyin ƙafarta suka taso suka murɗe kamar igiyar guga. Uwani, matar mai gidan da take haya a Gyadi-Gyadi, ita ta hango ƙafar wata rana tana alwala. Uwanin nan tana da gwangwanin alewa cike da ragowar ƙwayoyi, har matan layin suna ce mata Dakta.

"Ke Zahra'u, wannan ai ciwon Malam ne sak!" in ji Uwani.

Mijinta Malam Isyaku jini ne ya daskare masa a jijiyar ƙafa bara, asibiti suka ɗora shi kan ƙwaya kullum.

"Inna, ba gara in je a duba ni ba?"

"Ki je ki wuni a layi, wa zai tuƙa miki tuwon? Ƙafa ai ƙafa ce. Ungo, ɗaya kullum."

Uwani ta ɗebo mata daga ƙwayoyin Malam, Zahra'u ta ƙulle su a bakin mayafi ta yi godiya.

Da wata ya zagayo, al'adarta ta zo. Kwana biyar ta saba, wannan karon har kwana goma sha ɗaya jini bai ɗauke ba, ga shi gudaji-gudaji. Ta rasa ko wanka za ta yi ta koma salla. Abin da ya fi cin ranta, mahaifiyarta da zubar jini ta fara, ciwon mahaifa ya tafi da ita. Zahra'u ta sa a ranta nata ne ya zo, ta yi shiru ba ta gaya wa kowa ba. Ƙwayar kuwa ko zarginta ba ta yi ba. Me ya haɗa maganin ƙafa da mara?

Ran na sha ɗayan jiri ya kwashe ta, saura kaɗan ta faɗa kan tukunya. Allah ya kawo Omolara, wadda ake kira Maman Ayo, nas ce da ke sayen tuwo a wurinta. Ta buɗe mata ido ta ga fari fat.

"Ke, jininki ya tafi yawo! Tashi mu je."

"Maman Ayo, tuwona fa?"

"Tuwon ya ci kansa."

Ta saka ta a adaidaita sahu sai asibitin da take aiki. Likita ta tambaya ko tana shan wani magani, Zahra'u ta ce babu. Omolara ta kama bakin mayafinta.

"To wannan ƙullin fa, gyaɗa ce?"

Aka kwance. Likita ta duba ta girgiza kai.

"Maganin tsinka jini ne. Shi ke sa al'ada ta yi yawa ta daɗe. Ciwonki daban, na mai ƙwayar daban."

Aka yi mata hoto. Zahra'u ta runtse ido tana jiran sunan ciwon uwarta.

"Mahaifarki lafiya lau," in ji likita.

Sai kuka ya ƙwace mata, tana yi tana dariya tana hamdala. Aka hana ta ƙwayar, aka ba ta maganin ƙarin jini da safa mai matse ƙafa, aka ce ta riƙa hutawa tana ɗora ƙafar a kan kujera.

"Shi kuma mai ƙwayar, maza a gaya masa," in ji likita. "Tasa ba a yi mata fashi."

Kwana uku jini ya ɗauke. Zahra'u ta yi wanka ta yi salla, ta daɗe a sujada.

Da aka gaya wa Malam Isyaku, a nan ya gano dalilin da ƙwayarsa ke ƙarewa kafin wata, har yakan yi kwanaki babu. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki gwangwanin ya kai wa Maman Ayo ya ce ta san yadda za ta yi da shi.

Abin da Uwani ta rasa huɗu ne: gwangwaninta, mabuɗin akwatin da Malam ke ajiye ƙwayarsa, wanda ta riƙe shekara talatin, malmalar tuwon da Zahra'u ke aiko mata kullum, da sunan Dakta, wanda yanzu ba a kiranta da shi sai in za a yi dariya.