Numfashin Bosco

A zaune Bosco yake barci, ya jingina bayansa da ƙafar kujera, ƙwallon roba a bakinsa, kunnuwansa a miƙe kamar na jemage. Duk cikin hotunan da ke wayar Odile Caron, wannan ta fi so. Shi ta miƙa wa sabuwar likitar dabbobin garinsu, tana jiran dariyar da kowa kan yi idan ya gani.

Likita Solenne ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana duban hoton, sannan ta dubi karen da ke tsaye a kan teburin gwaji, ɗan gajere, mai faffaɗan ƙirji da shafaffen hanci, irin karen da ake kira buldog.

"Kullum haka yake barci, Madam Caron?"

"Tun yana kwikwiyo. Marigayi mijina yakan ce ko a mafarki ba ya yarda a ƙwace masa ƙwallo."

"Ba ni aronsa mu ɗan zaga tsakar gida."

Odile ba ciwo ta kawo ba. Ranar Asabar za a kawo wata karya daga garin Arras domin barbara, kuma ita ba ta taɓa haɗa karenta da na kowa ba sai an duba lafiyarsa. Tsohon likitan da ya yi ritaya yakan shafa kan Bosco, ya leƙa haƙoransa, ya ce zakaran gasa yana nan garau. Wannan kuwa sai ta kama igiya ta shiga sassarfa da shi. Ba su yi nisa ba wani sauti ya fara fita daga wuyansa kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako. Da suka tsaya, ya ware ƙafafu, haƙarƙarinsa na shiga yana fita, gefen harshensa ya soma yin shuɗi.

"Ba gajiya ba ce," in ji likitar, tana durƙushe a gabansa. "Ƙofofin hancinsa sun tsuke, kuma akwai nama a can cikin maƙogwaronsa da ya yi tsawo yana tare hanya. Ƙwallon nan ba wasa yake yi da shi ba. Bakinsa yake tokarewa don iska ta samu wurin shiga. In ya kwanta, shaƙewa yake yi, shi ya sa yake barci a zaune."

Odile ta mayar da wayar cikin jaka a hankali.

"Ana gyarawa?"

"Ana gyarawa, aiki ne marar wuya. Amma kin fi ni sanin dokar ƙungiyarku ta masu gasar karnuka. Karen da wuƙa ta taɓa hancinsa ya gama shiga gasa." Ta miƙe tsaye. "Kuma shi kaɗai aikin zai gyara. 'Ya'yan da zai haifa da hancinsa na asali za su zo."

Da ta koma gida ta tarar da Fernand, ƙanin mijinta, a ɗakin girki ya yanki burodi da cuku yana ci kamar gidansa. Kafin mijin nata, Lucien, ya rasu ya raba Bosco tsakaninsu, rabi nata, rabi na ƙaninsa, wai don kada su daina gaisawa. Fernand ya saurare ta har ta gama, bai daina tauna ba.

"Matar yaya, yarinyar da ta bar makaranta jiya ce za ta koya mana kare? Buldog ɗin da ba ya minshari ai mage ne. Brutus nawa in ya fara, maƙwabta rufe taga suke yi, ga shi nan yana cin abincinsa da na wasu."

"Na ga harshensa, Fernand."

"Ni ma in aka sa ni gudu da rana za ki ga nawa."

"Kai ai giyar tuffa ce ta tsuke maka hanci, ba gado ba."

Ya yi dariya, ya share wuƙar a jikin wandonsa. Da ya ga fuskarta ba ta saki ba, sai ya rage murya.

"To, ji nan. A tsallaken iyaka, cikin Beljiyam, akwai wani likita. Hannunsa da sauƙi, bakinsa da nauyi. A yi barbarar Asabar, mu kai shi can, ya ɗan buɗa hancin yadda ko alƙalin gasa ba zai gane ba. Kare ya sha iska, kofi ya zo gida. Wa aka cuta?"

"'Yan kwikwiyon fa? Su ma tun suna ciki za mu kai su Beljiyam?"

Fernand ya tashi ya ɗauki hularsa. "Shekara talatin yayana ya yi yana gina wannan siffar kai a jikin karnukansa. Ki tsaya a gaban mutanen ƙungiya ki ce musu nakasa ya gina, in kina iyawa."

Bayan fitarsa ta tsaya a gaban bangon falo, inda Lucien ya jera hotunan karnukan gidan a saman kofunan da suka ciwo. Kullum tana goge musu ƙura, amma ba ta taɓa bin su da ido daga farko zuwa ƙarshe ba. Kakar kakar Bosco tana da ɗan hanci a gaba, wanda mutum zai iya kamawa da yatsu biyu. 'Yarta ta fi ta gajarta. Daga hoto zuwa hoto hancin yana janyewa cikin fuska, kofunan da ke ƙasa suna ƙara girma. Ba mugunta ba ce. Ta tuna Lucien yana kwana a kan tabarma kusa da karya mai naƙuda, yana ɗura wa raunanan 'yan kwikwiyo madara da kwalba. Ita kanta ba ta taɓa ba wa mutum kwikwiyo ba sai ta je ta ga gidansa, ta duba shingensa, ta ji wa zai zauna da shi da rana. Duk wannan sun yi, amma sautin da ke cika ɗakinsu sun ɗauke shi alamar ƙoshi da kwanciyar hankali. So hana ganin laifi, ashe har ji yana hanawa.

Kuma ga al'ada, mai namiji ne ke fara zaɓa idan karya ta haihu. Odile ta riga ta ƙudurta mace za ta ɗauka. Bosco ne na ƙarshe a gidan, in ba ta samu 'yarsa ba, jinin ya yanke daga hannunta.

Asabar ta zo da rana mai ɗumi. Baƙuwar Arras, Madam Delattre, ta fito daga mota rungume da karyarta, Praline, tana ta yabon furannin ƙofar gida. Fernand ya riga ya iso, ya sa rigar zuwa coci.

"Ina angon?" in ji baƙuwar. "Tun da na gan shi a gasar bara nake mafarkin wannan kai."

Odile ta fito da Bosco, ta sa igiyarsa a hannun matar.

"Kafin mu sha gahawa, ki taka da shi zuwa coci ki dawo. Da ɗan sauri."

"Gwada ni za ki yi, ko shi?"

"Ki dai saurara."

Madam Delattre ta miƙa wa Fernand karyarta, ta kama hanya. Ba ta kai rabin layin ba Bosco ya zauna a tsakiyar titi. Tun daga bakin ƙofa ana jin zarton. Sai da ta ɗauko shi a hannu, kumfa na zuba a kan rigarta.

"Zafi ne," in ji ta, tana ajiye shi a inuwa. "Tawa ma haka take yi."

"Na sani. Shi ya sa ba zan haɗa su ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Odile, kwanakin karya ba sa jiran kowa. In na koma haka, sai wata shekara."

"Ki yi haƙuri. Aiki za a yi masa. Ya gama gasa, ya gama haihuwa."

"Rabinsa nawa ne," in ji Fernand.

"To ɗauki rabin da ke cin kofi, ka bar mini rabin da ke numfashi."

Babu wanda ya yi dariya. Madam Delattre ta dube ta irin kallon da ake yi wa wanda makoki ya daɗe a jikinsa, ta dafa hannunta.

"Kina buƙatar hutu, 'yar uwa. Rashin Lucien ba ƙaramin abu ba ne."

Fernand ya gyara murya, yana shafa kan Praline. "Madam, kada tafiyarki ta zama ta banza. Ina da Brutus a gida. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da wannan, kai iri ɗaya. Wasu ma cewa suke hancinsa ya fi kwanciya."

"Ku fara kai shi wurin likita," in ji Odile. "Ita ma Praline a duba ta."

"Za mu duba," in ji baƙuwar, idonta na kan Fernand. "Da nisa?"

"Ƙarshen layin nan ne, bayan gonar dankali."

Fernand da baƙuwar suka shiga mota. Odile ta jiƙo tawul a famfon lambu, ta shimfiɗa a ƙarƙashin cikin Bosco, ta zauna a kan dakali ta dafa ƙirjinsa. Zuciyarsa na bugun tafin hannunta kamar mai neman a buɗe masa ƙofa. Ta jira har bugun ya lafa, sannan ta kira asibitin. Likita Solenne ta ce akwai wuri ranar Litinin da safe, kada a ba shi abinci kafin a kawo shi.

"Za mu zo," in ji Odile.

Tana ajiye wayar ta ji motar ta tsaya a can ƙarshen layi, ƙyauren gidan Fernand ya yi ƙara. Brutus ya fito tarbar baƙi da ɗan haushinsa mai shaƙewa, ya yi biyu, ya tsaya neman iska, ya ƙara ɗaya.