Reshen Magaryar Kura

"Tashi mu tafi gida, Dlomo," in ji Ngcobo, yana shafa reshen magaryar kura a kan bencin tashar jirgin ƙasa. "Zaman ya isa haka."

A wannan bencin, mai rubutun "Turawa kaɗai", maƙwabcinsa Dlomo ya zauna ranar Litinin bayan ya ƙone fas ɗinsa, takardar shaidar da aka tilasta wa baƙar fata yawo da ita. A nan ya mutu. 'Yan sanda sun ce zuciyarsa ce ta tsaya. Ngcobo ya tsufa a koyarwa, ya sha karatu, amma bai taɓa cin karo da ciwon zuciyar da ke fasa ƙeya ba.

Shi bai damu da al'ada ba, ko da matarsa ta rasu bai bi ba. Sai dai ɗan Dlomo ya gudu ya bar ƙasar, 'yarsa Thokozile kuma ta roƙe shi ya ɗauko mahaifinta. Wanda ya mutu a waje, da reshe ake ɗauko kurwarsa, kuma mai ɗauka ba ya magana da rayayye sai an isa gida. In ya tanka, mamacin ya tsaya nan ke nan.

Suna juyowa shi da Thokozile sai ga ɗan sanda, Bature, sa'an jikansa.

"Kai yaro, me ya kawo ka ɓangaren nan?"

Thokozile ta rusuna ta ce mahaifinta suka zo ɗauka. Baturen ya dubi reshen, ya yi dariya, ya kaɓe hular Ngcobo.

"Kai nake tambaya. Ko so kake taka zuciyar ta tsaya?"

Amsa na kan harshen Ngcobo, da Turancin da ya fi na yaron kyau. Ya haɗiye ta. Ya miƙa fas ɗinsa da hagu, dama na riƙe da reshe. Baturen ya karanta sunan unguwa da lambar gida a hankali, ya sa fas ɗin a aljihu.

"Je ka. Har gida za mu kawo maka."

A jirgi Thokozile ta yanki tikiti uku, suka bar wa Dlomo wajen taga. Kowace gada sai Ngcobo ya sunkuya ya gaya wa reshen za a haye.

Da suka shigo layinsu, motar 'yan sanda na tsaye a can ƙarshe, a kashe. Mata sun daina waƙar makoki. Ngcobo bai waiwaya ba.

"Ga ƙofarka, Dlomo," ya ce a hankali. "Sunkuya, kada ka buge kai."